Kalmomin Ingilishi a Hausar Damagaram: Sharhi a Kan Yadda Ake Bin Asalinsu

1.0 Gabatarwa

A Kano in an ce Turanci, Ingilishi ake nufi. A Damagaram kuwa kalmar tana iya ɗaukar Faransanci, domin shi ne harshen Turawan da suka ci ƙasar a 1899, suka kuma mai da Zinder hedkwatarsu daga 1911 zuwa 1926. Daga wannan bambanci ne wata al'ada ta samo tushe a ƙamusoshi da littattafan koyarwa, watau raba kalmomin aro na zamani gida biyu: na Ingilishi a bar wa Nijeriya, na Faransanci a bar wa Nijar. Rabon yana da sauƙin riƙewa, amma wanda ya zauna tashar motar Zinder ko Kasuwar Dole na yini ɗaya zai ji abin da ya saɓa masa.

Manufar wannan sharhi ita ce a auna wannan rabo, a kuma auna hanyoyin da ake bi wajen danganta kalma da Ingilishi. Za a fara da maƙalar da Paul Newman ya fitar a 2013 a kan asalin kalmar "boko", saboda ita ce misali mafi kyau na yadda ya kamata a yi aikin, sa'an nan a ɗora ma'auninta a kan kalmomin da ake ji a ƙasar Damagaram. Maganar ta wuce sha'awar manazarta kawai. A watan Maris na 2025 dokar tsarin mulkin riƙon ƙwarya ta Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta sa Ingilishi da Faransanci su zama harsunan aiki. Masu tsara littattafan yaƙi da jahilci za su riƙa zaɓen kalmomi a tsakanin harsunan nan uku, kuma wanda bai san inda kalma ta fito ba yana iya korar ƴar gida ya rungumi baƙuwa.

2.0 Maƙalar Newman a Kan "Boko"

An daɗe ana maimaitawa a littattafai cewa "boko" daga kalmar Ingilishi "book" ta fito. Bayan 2009, da sunan Boko Haram ya game duniya, jaridun ƙasashen waje suka ɗauki zancen suka yaɗa shi kamar karatun da ba ya bukatar hujja. Newman ya rushe shi ta fuskoki biyu, ya kuma nuna cewa Malam Liman Muhammad ya riga ya yi nuni da kuskuren tun 1968.

Fuska ta farko ita ce ta tsarin sauti. Wasalin da ke cikin "book" yakan shigo Hausa da siffar u, kamar yadda ake gani a nan:

(1) kuku, daga "cook". Ulu, daga "wool". Suga, daga "sugar". Kushin, daga "cushion".

Dogon o kuwa daga wani wasali dabam yake zuwa, kamar a mota da foto da koko. Da Hausa ta ari "book", da siffa mai u aka samu. Babu wata ƙa'ida da za ta fitar da boko daga gare ta.

Fuska ta biyu ita ce ta ma'ana. Ƙamus na Bargery, wanda aka buga a 1934, ya kawo wa kalmar ma'anoni da suka shafi algus da yaudara da abin da ba na gaske ba. Amaryar boko, wadda ake kaiwa a madadin amaryar gaskiya a lokacin biki, tsohuwar al'ada ce da ba ta jira zuwan Bature ba. Haka kuma biri-boko. Saboda haka, da aka buɗe makarantar Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, a Nasarawa ta Kano a 1909, mutanen da suka saba da karatun allo da na ilmi suka kira sabon karatun da sunan abin da ba na gaske ba.

Hujjar sauti ba ta da makawa, kuma ita kaɗai ta isa. Bayanin tarihin kuwa bai kai ta ƙarfi ba, domin hasashe ne mai kyau da aka gina a kan ma'anar kalmar. Akwai kuma abin da ya kamata a bar wa ƙofa: kamannin sauti ba ya haifar da kalma, amma yana iya taimaka mata ta zauna. Malaman Ingilishi da ɗalibansu na farko suna jin kalmomin biyu kullum a cikin aji ɗaya, ba kuwa abin mamaki ba ne in kamannin ya sa su karɓi sunan ba tare da jin zafin zagin da ke cikinsa ba.

Daɗin daɗawa, fagen maƙalar shi ne tarihin makarantun Ingilishi a Arewacin Nijeriya, alhali Damagaram tana da shaidar da za ta bayar. A nan makarantar Turawa ta sami suna daga Faransanci, watau lakwal, malaminta kuma mushe, amma littafi ya ci gaba da zama littafi, kalmar Faransanci ba ta ture shi ba. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewa Hausa ba ta da gurbin da za ta cike da "book". Jin "makarantar boko" a Zinder a yau bai isa hujja ba, tun da yana yiwuwa daga Kano ma'anar ta hauro. Inda ya kamata manazarta su duba shi ne rubuce-rubucen da suka girmi makarantun, musamman nahawu da ƙamus na Landeroin da Tilho, waɗanda aka buga a Paris wajen 1909 zuwa 1910 bayan aikin shata iyaka tsakanin Kwara da Tafkin Cadi, da kuma takardun ajami da ke hannun malaman Birni.

Kuskuren yana da ɗan'uwa da ya juya baya. Wasu marubuta a Amurka sun ce kalmar Ingilishi "bogus", mai nufin jabu, daga boko ta fito ta bakin bayi. Kalmar ta bayyana a Amurka ne a zancen masu buga kuɗin jabu, kuma ba a kawo wata shaida da ta haɗa ta da masu jin Hausa ba. Abin da aka dogara da shi a can shi ne abin da aka dogara da shi a nan: sauti ya yi kama, ma'ana ta yi kusa. Kama da wane kuwa ba ta wane.

3.0 Hanyar da Ingilishi Ya Bi Zuwa Damagaram

Ingila ba ta taɓa mulkin Damagaram ba. James Richardson ya sauka Zinder a farkon 1851, Heinrich Barth kuma a ƙarshen 1852, amma matafiyi ɗaya ko biyu ba sa barin kalma a bakin jama'a. Abin da ya kawo kalmomin shi ne ciniki. Tsakanin Zinder da Kano kimanin kilomita 240 ne, tsakaninta da Yamai kuwa kimanin 900. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, kuma gyaɗar Magarya da Matamaye da Kance ta kudu take fita. Fatake da ƴan ci-rani da almajirai suna tafiya suna dawowa. Ba Ingilishi suke kawowa ba, Hausar Kano da ta Daura suke kawowa, kalmomin kuma sun riga sun narke a cikinta.

Wannan shi ya sa ake samun kalmomi biyu suna zaune tare a kan abu ɗaya:

(2) kanti da butik. Kwastan da duwan. Tasha da gar. Bokiti da so.

Akwai kuma waɗanda suka shiga har cikin harkar mulkin Faransa kanta, irin su soja da gwamnati da bariki. Littafin William Miles na 1994, wanda ya kwatanta ƙauyen Yekuwa na ƙasar Magarya da Yardaji na ƙasar Daura, ya nuna yadda iyaka ta raba al'amuran mulki da makaranta tsakanin maƙwabta biyu. Abin da ya rage a fito da shi sosai shi ne cewa kalmomin kasuwa da mota da kuɗi ba su bi wannan rabo ba.

4.0 Kalmomin Kuɗi

Babu inda ma'ana ta yi yawo kamar a nan, kuma babu inda kuskure ya fi tsada ga mai tsara littafin lissafi.

4.1 Dala. Tushen kalmar wani kwari ne a ƙasar Bohemiya, cikin Jamhuriyar Cek ta yau, mai suna Joachimsthal, inda aka fara buga wani babban kuɗin azurfa wajen 1520. Jamusawa suka taƙaita sunan ya zama "Taler", ya shiga Ingilishi ya zama "dollar". Azurfar Mariya Tareza ta ƙasar Ostiriya, wadda duk bugunta na baya ke ɗauke da shekarar 1780, ta yi yawo a kasuwannin Borno da ƙasar Hausa, Barth kuma ya tarar ana canza irin wannan azurfa a kan wuri 2,500 a Kano a 1851. Larabawan Tarabulus riyal suke ce mata, saboda haka siffar dala ta fi kama da wadda ta biyo ta bakin teku. Da Faransawa suka kawo azurfarsu ta faran biyar, mai kusan girma ɗaya, sai ta gaji sunan. Har yau dala a Zinder faran biyar ce ta kuɗin sefa, kuma da ita ake ƙirga:

(3) 25, dala biyar. 100, dala ashirin. 500, dala ɗari. 1,000, jika guda.

Ga kalma mai asalin Jamusanci, da ta biyo ta Ingilishi, tana sunan kuɗin Faransa. Ƙamus da ya rubuta mata "daga Ingilishi" ya tsaya nan bai yi ƙarya ba, amma bai gaya wa mai karatu abin da yake bukata ba. Manomin da ya koyi karanta lambobi yana ganin 100 a jikin kuɗi, bakinsa yana cewa ashirin. In littafin lissafi bai koya masa raba lambar da biyar ba, ranar sayar da amfanin gona karatunsa zai rikita shi maimakon ya kāre shi. A rediyo kuma yana jin dalar Amurka, wadda ita ce kalmar ta sake shigowa karo na biyu da wata ma'ana.

4.2 Sisi, sule, kwabo, fam. Waɗannan sunayen kuɗin Ingila ne: "sixpence", "shilling", "copper", "pound". Sun gudana a kasuwannin kudancin Nijar saboda cinikin Kano, ko da yake ba su ne kuɗin hukuma ba. Nijeriya ta bar su ranar 1 ga Janairu 1973, ta koma naira da kobo, amma sun zauna a cikin magana, har wanda bai taɓa riƙe sisi ba yana cewa ba shi da ko sisi. Abin lura shi ne sisin kwabo. Tun da sisi rabin sule ne, Bahaushe ya ɗauki kalmar da ma'anar rabi, ya ɗora ta a kan kwabo. Lambar shida da ke cikin kalmar Ingilishi ta ɓace sarai. Wannan ƙirƙira ce ta Hausa, kuma ƙamus ya kamata ya nuna ta a haka.

4.3 Jaka ko jika. Kalmar ba ta Ingilishi ba ce, amma tana nuna hatsarin ɗauko littafi daga ƙetaren iyaka ba tare da gyara ba. A Nijeriya jaka fam ɗari ce, ta koma naira ɗari biyu. A Nijar dala ɗari biyu ce, watau faran dubu.

5.0 Tarkuna Uku

5.1 Baƙin l a farkon kalma. An san cewa wasu kalmomin Faransanci sun shigo tare da harafin da ke gabansu, kamar lakwal da lanho, wato haraji. Daga nan wasu masu tattara kalmomi sukan ɗauka duk baƙuwar kalma mai farawa da l a Nijar ta Faransanci ce. Amma l tana da ƙofofi uku:

(4) ta Larabci: littafi, labari, lahira, liman, lissafi;
ta Faransanci: lakwal, lanho;
ta Ingilishi: lauya, lebura, lasisi, da kuma lamba da likita, inda n da d suka koma l.

Likita tana da ƙarin labari. Daga "doctor" take, amma a Nijar ta faɗaɗa har ta ɗauki wurin da ake jinya, mutum ya ce ya kwana a likita. Littafin kiwon lafiya da aka rubuta a Kano zai ce asibiti, na Zinder kuwa dole ya san cewa likita mutum ne kuma wuri ne.

5.2 Kalmomin da ke cikin harsunan Turawa biyu. Ingilishi ya ari dubban kalmomi daga Faransanci, saboda haka sau da yawa kalmar Hausa takan yi kama da duka biyu. Abin da ke raba gardama shi ne karin sauti da ma'ana. Galibin kalmomin Ingilishi suna ɗaukar karin sama a gaɓar da Bature ke dannawa, su ƙare da karin ƙasa, kamar mota da tasha. Na Faransanci kuwa galibi sukan fara da karin ƙasa su ƙare da faɗau, kamar butik da kumandan da mushe. Da wannan ma'auni bariki ta Ingilishi ce: gaɓarta ta farko doguwa ce mai karin sama, ma'anarta kuma ta mazaunin soja ce, alhali "baraque" ta Faransanci ƴar rumfar katako ce. Daga mazaunin soja ta koma unguwar hukuma, daga nan ta haifi ɗan bariki da barikanci, waɗanda ba su da takwara a Ingilishi. Kanti ma haka take. "Cantine" a Faransanci ɗakin cin abinci ne ko akwatin ƙarfe, amma a Ingilishin ƴan kasuwar Afirka ta Yamma "canteen" shagon kamfanin Turawa ne, kuma wannan ma'anar ce Hausa ta riƙe.

Misali mafi faɗakarwa shi ne biro. A Kano abin rubutu ne, daga sunan László Bíró, mutumin Hangari da ya yi rajistar irin wannan alƙalami a 1938. A Zinder biro, wasu su ce buro, ofis ne, daga "bureau", abin rubutun kuma bik ne, daga sunan kamfanin Bic na Faransa. A baki kari ya raba su. A rubutun yau da kullum, wanda ba ya nuna kari, kalma ɗaya ce. Haka mushen lakwal da mushen dabba.

5.3 Zumuncin nesa da kamannin banza. Lemo da sukari da sabulu daga Larabci suka zo, tun kafin a ga Bature, ko da yake suna da dangi a harsunan Turai. Alƙali kuwa ba shi da wata dangantaka da kalmar kimiyya ta Ingilishi "alkali": na farko daga kalmar Larabci mai nufin mai shari'a, ta biyu daga wata mai nufin toka. Takarda ta fi su ban sha'awa. Maarten Kossmann, a littafinsa na 2005 a kan kalmomin da Hausa ta aro daga harsunan Berber, ya sa ta cikin waɗanda suka zo ta bakin Abzinawa, tushenta na nesa kuwa shi ne "charta" ta Latin, wadda ita ma daga Girkanci take. Daga wannan tushe ne "card" ta Ingilishi da "carte" ta Faransanci suka fito. Ke nan a Zinder tushe ɗaya ya iso sau uku: takarda ta biyo ayari ta sauka Zango, kati ta biyo mota daga Kano, kart kuma ta fito daga ofishin hukuma.

6.0 Gurbin da Ƙamusoshi Suka Bari

Bargery da Abraham, wanda ƙamus nasa ya fito a 1949 aka sake buga shi a 1962, a Nijeriya suka yi aikinsu, kuma kafin yawancin kalmomin zamani su zauna. Claude Gouffé ya yi nazarin kalmomin Faransanci a Hausar Nijar a 1971. Ƙaramin ƙamus na Abdou Mijinguini, wanda ya fito a Yamai a 1987, ya ba Hausar Nijar murya tata, na Roxana Ma Newman na 1990 kuma ya ware kalmomin da ake amfani da su a Nijar da alama. Kowannensu ya yi abin da ya sa gaba. Sai dai in an haɗa su, hoton da mai karatu ke samu shi ne cewa abin da ya bambanta Nijar shi ne Faransanci. Kalmar Ingilishi da ta canza ma'ana a Nijar, irin su dala da likita da bariki, takan faɗa tsakanin kujeru, domin mai neman Faransanci ba ya ganinta, mai neman Ingilishi kuma yana tsammanin ya riga ya san ta.

Akwai kuma shimfiɗar da ke ƙarƙashin duka. Gidan sarautar Damagaram daga Borno ya samo asali, kuma tun 1960 Joseph Greenberg ya nuna cewa kalmomi irin su karatu da rubutu da kasuwa ta hanyar Barebari suka shigo Hausa. A ƙasar da Barebari da Abzinawa da Fulani da Larabawa suka daɗe suna cuɗanya da Hausawa, bai kamata a kai kalma Turai ba sai an fara neman ta a wajen maƙwabta.

7.0 Shawarwari ga Masu Tsara Littattafai

A Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Nijar, a 1973. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun daidaita haruffa, amma zaɓen kalmomi yana nan a hannun masu rubuta littattafai. Ga abin da wannan sharhi ya kai gare shi.

Na farko, kowace kalmar aro da za a shigar a jerin aiki a rubuta ta da kari da tsawon wasali, ko da ba za a nuna su a littafin ɗalibi ba. In babu su, ba a iya raba biro da biro.

Na biyu, kada a danganta kalma da wani harshe sai an gwada ta da wasu kalmomin da aka tabbatar sun fito daga harshen, an ga sautukanta sun bi ƙa'ida ɗaya da nasu, an kuma nuna hanyar da ta biyo da mutanen da suka ɗauko ta.

Na uku, inda kalmomi biyu suke zaune tare, a bi wadda jama'ar yankin suka fi faɗa, a kawo ɗayar a gefe. Asali ba dalilin kora ba ne. Kanti da butik duka Hausa ne a Damagaram.

Na huɗu, littafin lissafi na manya ya koyar da ƙirgan dala a fili, tare da lambar da ke jikin kuɗi, tun daga darussan farko.

Na biyar, a yi hattara da kalmar boko kanta. Tun da tsohuwar ma'anarta tana raye a kunnen dattawa, mai kiran su zuwa ajin yaƙi da jahilci ya san abin da suke ji in ya ce rubutun boko, musamman a gari mai malamai da yawa waɗanda suka iya ajami.

8.0 Kammalawa

Maƙalar Newman kalma ɗaya ta ɗauka, amma ta bar ma'aunin da ya dace da sauran: a fara da sauti, a bi da tsohuwar ma'ana, sa'an nan a nemi tarihi. Da aka ɗora ma'aunin a kan Hausar Damagaram, ya nuna cewa kalmomin Ingilishi suna da yawa a cikinta, ta hanyar Kano suka zo, kuma wasunsu sun sami ma'anar da Kano ba ta sani ba. Aikin da ke gaba shi ne tattara su daga bakin direbobi da ƴan canji da dillalan gyaɗa da tsofaffin sojoji a Zinder da Magarya da Matamaye da Mirya, a rubuta kowace da karinta da ma'anarta da shekarun mai faɗinta. Waɗanda suka yi ciniki da sule da sisi kafin 1973 sun manyanta, saboda haka da su ya kamata a fara.